Baffa Attahiru da Masu Kwalba

Matso nan kusa, ja tabarmar can ka zauna. Yanzu da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, aka naɗe shimfiɗun ƙofar gida, akwai wata maganar Baffa Attahiru da ta tsaya mini a wuya, kuma ku da kuka san shi ku ne za ku gane ta. Wanda bai san shi ba, to yayan mahaifina ne, tsohon dillalin awaki a Kara, kasuwar dabbobi. Shi ya riƙe ni tun ina rarrafe, shi da matarsa Inna Hajjo, don Allah bai ba su haihuwa ba. Da Inna ta rasu, ni kuma ina gidan mijina Sani a Runjin Sambo, muka yi ta fama da shi har ya yarda ya dawo ɗakin zaurenmu. Nan ya zauna har mai abu ya karɓi abinsa.

Kun dai tuna gaisuwarsa ta safe a shekarun nan na ƙarshe. Mutane na cewa an kwana lafiya, ya gajiya, ya iyali. Shi kuwa Baffa sai ya tsaya bakin ƙofar tsakar gida, hula a karkace, carbi a wuya, ya yi sallama, kafin a gama amsawa ya jefo tambaya:

"Mi munka ci jiya da rana?"

Kuma bakin mutum ɗaya ba ya isarsa. Sai shaidu biyu, kamar gaban alƙali. In na faɗa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya juya wajen Sani. In bakinmu ya zo ɗaya, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi, jiya tana nan inda munka bar ta," sannan ya zauna ya karɓi kununsa.

Wata safiya na ce, "Tuwon gero da miyar kuka, Baffa."

"Ɗaya ke nan. Sani?"

Sani kuwa kun san shi da neman magana. Yana ɗaura agogo, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Ni dai dambu na tuna."

Wayyo! Baffa ya dube shi, ya dube ni. Ya ajiye sandarsa ya nufi madafa, wurin da tun da nake ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Ya buɗe tukunyar da na jiƙa, ya sa yatsa ya ɓanɓaro ƙanzo ya kai baki. Ya tauna a hankali, ido a rufe.

"Gero na," ya ce. "Sani, na soke shaidarka. Daga yau Balki da tukunya."

Haka kuwa aka yi! Na daɗe ba ni da ikon wanke tukunyar tuwo sai Baffa ya zo ya duba ta. Mijina da gemunsa da aikinsa na ofis, tukunya ta fi shi adalci a gidansa. Maƙwabta suka yi ta dariya, har yau in Sani ya faɗi magana a majalisa akan ce a kawo tukunya a ji. Ni ma na yi dariyar. Amma shi Baffa ba da wasa yake buɗe murfin nan ba.

Abin ya samo asali ne daga wani fim, in kun yarda. Baffa fa, wanda duk rayuwarsa yake cewa kallo ƙarya ce da ake sayarwa da wutar lantarki.

Sani ne ya sayo faifan sidi a kasuwa, irin waɗanda aka yi musu fassarar Hausa, yana zaton na dambe ne. Ashe mai shagon ya saka wani daban a cikin kwalin. Bayan La'asar aka kawo wuta, muka kunna. Baffa ya shigo neman ruwan alwala na gaba, ya zauna ya ba talabijin baya kamar yadda ya saba, wai kada idonsa ya ci haram.

Fim ɗin kuwa, subhanallahi, duhu kamar a cikin rijiya aka ɗauke shi. Wani gari ne na can gaba, bayan zamaninmu, hayaƙi ya rufe sama, da tsakar rana kowa da fitila a hannu. Ba itace, ba tsuntsu, ba mai dariya. A garin nan talaka in ya rasa abin sayarwa sai ya je wani gida mai dogayen bututu, a sa masa wata na'ura a ka, a tsotse masa abin da yake tunawa a zuba a kwalba. Yarintarsa, fuskar uwarsa, ranar aurensa, duk a kwalba. Masu hali su saya su sha, ya zama nasu. Akwai wani dattijo a ciki, aikinsa wankin kwalaben da aka shanye. Shi wannan dattijo yana tuna wata mata tana miƙo masa ruwa ta kan katanga, amma bai sani ba ko matarsa ce, ko kuwa ragowar kwalbar wani ce ta taɓa masa baki garin wanki.

Da mai fassara ya faɗi wannan, sai na ji ƙarar kujera. Baffa ya juyo.

"Mi yac ce?"

"Ya ce bai sani ba ko tunaninai na, ko na wani," in ji Sani.

"Ƙara murya."

Bai sake motsi ba. Ruwan alwalar ma yana hannunsa a buta. Muka kalla har wurin da dattijon ya samo wata kwalba mai ɗauke da sunansa, ya buɗe, ya ɗaga zai kai baki. Nan faifan ya tsaya cak! Hoton ya farfashe, hannun mutumin ya maƙale a sama. Ashe faifan ya karce.

Me ba mu yi ba? Sani ya goge da riga. Baffa ya ce a shafa man goge baki, aka shafa. Ya ce a gwada man shanu, Sani ya ƙi, suka yi ta musu. Washegari da kansa ya hau kabu-kabu ya je wurin mai shagon, ya ce tunda ya sayar da labari ba gindi, to ya faɗa masa ƙarshen da baki. Mai shago ya ce ai dattijon ya sha, ya tuna matarsa, suka haɗu. Baffa bai gamsu ba, bayan kwana biyu ya koma. Mai shago ya manta abin da ya faɗa, ya ce ai kwalbar ta faɗi ta fashe. Baffa ya dafa masa kafaɗa cikin tausayi ya ce:

"Allah sarki. Kai ma sun zo maka."

Da Sani ya ce zai nemo wani faifan, ko ya binciko shi a waya, Baffa ya hana. "Wanga bai mutu ba, a saye wani? Ku bar shi. In nig ga ya sha ko bai sha ba, mi ya rage in yi tunani?" Shi ke nan, duk ranar da aka kawo wuta sai ya ce, "Balki, sa muna masu kwalba." Ni har na haddace maganar mai fassara, ina tuƙa tuwo ina bin sa.

Mu duk mun ɗauka sabuwar rigimar tsufa ce, irin tasa. Sai ranar Dundaye.

Ya fita da sassafe da farar riga, ya dawo kafin Azahar. Na same shi zaune a zaure, takalmi ma bai cire ba, ƙullin goro a cinyarsa. Na ce, "Baffa, lahiya?"

"Na tahi Dundaye gaida Buhari."

Malam Buhari amininsa ne tun suna yara, kuma ya rasu tun bara.

"Na iske ɗanai bakin ƙohwa, na ce shi yi man sallama da babanai. Sai yaron ya tsaya shina kallona. Yac ce, Baffa, ai kai ka shiga kabari ka karɓe shi." Ya murza ƙullin goron. "Balki, rana guda cur, da wanka da sallah da kabari a cikinta. Ina ta tahi? Wa ya ɗauke man ita ban ji ba?"

Na tsuguna na cire masa takalmi.

"To mi ka yi, Baffa?"

"Mi za ni yi? Na riga na biya kuɗin keke. Na zauna na yi musu ta'aziyya sabuwa, na yi kukana sabo." Ya miƙo mini goron. "Ungo, adana. Mamaci bai cin goro."

Na karɓa ina dariya, hawaye na zuba. Daga ranar ne ya fara tambayar abin da aka ci jiya. Mun kai shi asibiti, likita ya yi masa tambayoyi ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ya rubuta magani. Baffa ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Likita, kai ka tuna ranar da anka yaye ka?" Likita ya ce a'a. Baffa ya juyo ya ce mana, "Ku tashi mu tahi, shi ma majinyaci na."

To daga nan ne ya fito da dabarar da duk dangi suka san shi da ita.

Kun san yadda yake ba mata kiwo tun yana Kara. Ya ba ki akuya ki riƙa ci da ita, in ta haihu a raba 'ya'yan, uwar kuma tasa ce, duk ranar da ya so ya zo ya duba. Rabin matan unguwarmu da akuyar Baffa suka fara. Sai ya ce tunda masu kwalba sun gano gidansa, ba zai bar dukiyarsa a garke ɗaya ba. Ya shiga bin dangi da abokai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zaunar da shi ya ba shi labari guda daga rayuwarsa, ya sa ya maimaita har ya zauna. Sharaɗin kamar na akuya ne. Labarin nasa ne, ba a ƙari ba a ragi. Rabon mai kiwo shi ne yana da izinin ba 'ya'yansa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya ɗauki sanda ya ce, "Za ni duba kiwo."

Sani, duk da an soke shaidarsa, ya samu nasa. An ba shi labarin wani ɗan bunsuru da ya tsinke wa Baffa a hanyar Hubbare, ya kutsa cikin baƙi masu ziyara, Baffa na bin sa yana ba mutane haƙuri da Hausa da Fulatanci, har wata tsohuwa ta kama masa shi da ɗankwalinta. Labarin ke nan, ba wani abu. Amma Sani ya kai shi majalisa. Juma'ar farko bunsurun ya zama rago. Da aka jima ragon ya yi ƙaho kamar na barewa, ya ture mai turare da teburinsa. Ranar da Baffa ya zo dubawa, Sani ya gyara murya ya ce:

"Ai da san nan ya tsinke igiya…"

"Wane sa?"

"San da ka biyo, Baffa."

Baffa ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga albarka! Ɗan bunsuru na ba shi, ya maido man sa! Sani, da haka ka ka kiwon na gaske, da mun daɗe da zuwa Makka." Nan take ya ƙwace labarin ya ba mai wankin hula na bakin layi.

Gwaggo Ige, ƙanwarsa, ita kuma ragi ne cutarta. Ya ba ta labarin shekarar da gero ya ƙi suna yara, yadda innarsu take dafa musu ganyen tafasa tana cewa nama na ƙasan tukunya don su ci da sauri. A cikin labarin akwai wurin da Gwaggo ta ɓoye dunƙulen fura a zaninta, tururuwa suka bi ta suka hana ta zama. Duk ranar da ta zo maimaitawa sai ta tsallake wurin.

"Ige, ina bindin?"

"Wane bindi kuma, Yaya?"

"Hurar da kinka ɓoye."

"Haba Yaya! Ni da jikoki, gaban surukai?"

"Akuya da bindinta na ba ki. Ki maido man da guntuwa, ki ce ita ta?"

Sai Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska ta faɗa da ƙaramar murya, shi kuma yana dariya har da tari.

Ni fa duk wannan rabo ba a ba ni komai ba. Abin ya ci mini rai, don kowa ya san ni da kunne, shi da kansa yake kira na Rakoda. Na ce, "Baffa, har mai wankin hula ya samu, ni ɗiyarka ko ƙwai?" Ya ce, "Ke uwar garke za ni ba ki. Ba a bada ita tsaye."

Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa a faifai, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ce, "Ajiye. Abin da ni ka tsoro duk duniya shi na in tashi wata sahiya in iske sun ɗauke man Hajjo."

Inna Hajjo kuwa ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta yarda da mai hoto. Ba ta bar ɗa ba. In ta fita daga kan Baffa, to sai dai ɗan abin da ni na sani, ni kuma da girmanta na san ta. Amaryar da ya aura shi kaɗai ya san ta.

Ga abin da ya ba ni. Suna sabon aure, a Dundaye suke zaune gidan mahaifinsa. Damina ce, gulbi ya kawo ruwa. Ya tsallaka ƙetare ya sayo akuyarsa ta fari, ja, wadda ya tara wa kuɗi da guminsa. Da zai dawo mai jirgi ya ce akuya ma sai an biya mata. Baffa ya ce akuyar da ba ta san kuɗi ba ba za ta fara da bashi ba, ya saɓa ta a wuya ya shiga ruwa. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Sai ƙafa ta zame. A bakin gaɓa mata na wanki, cikinsu har da innarsa, da amarya Hajjo a gefenta. Ita Hajjo da ko "shi" ba ta iya cewa a gaban surukarta sai ta sunkuyar da kai, sai ga ta ta miƙe tsaye ta ƙwalla kira, gaban kowa:

"Attahiru! Saki akuyar!"

Na ce, "Inna? Ta kama sunanka?"

"Da bakinta. Gaban innata. Sau ɗaya ke nan duk zamanmu."

"To ka saki?"

"In saki? Da kuɗina? Ai da na ji sunana a bakinta sai wani ƙarhi ya zo man, na hito da ni da akuya." Ya yi murmushi. "Tun daga ranar, duk sa'ad da na tada maganar sai ta tashi ta bar man wurin. Matan da ke gaɓar nan kuwa duk sun riga mu. Akuyar ma an daɗe da cinye ta."

Ya ce in maimaita. Na bi labarin tsaf, amma da na zo wurin kiran sai na tsaya. Na ce, "Baffa, ni in kama sunanka haka tsirara?"

"Ba ke ba ta. Hajjo ta. Aron baki ta yi."

Na rufe ido na kira. Ya ce a'a, na yi sanyi, mai ganin mijinta na nutsewa ba haka take kira ba. Na ƙara. Ya ce in ja ƙarshen. Na ja. Sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana salati, wai wa ya faɗa rijiya. Baffa ya ce mata, "Koma, mun hito."

Kowace Juma'a ni ce ta ƙarshe. In ya gama zagayensa sai ya dawo ya zauna ya ce, "Rakoda, kawo uwar garke." In na kai wurin kiran sai ya rufe ido, ya ɗan ɗaga haɓa kamar har yanzu ruwan na nan.

Daga baya abin ya yi ta ci. Tambayar safe ta ɓace, tukunya ta huta, ni kuma na riƙa jin kewar tambayar. Zagayen Juma'a ya tsaya, don sau biyu ana dawo mana da shi daga unguwar da bai san me ya kai shi ba. Wata rana ya kira ni Ige, wata rana baiwar Allah. Sallah ce kaɗai ba ta kuɓuce masa ba, sai dai yakan yi Azahar ya sake yin ta. Fim ɗin nan kuwa muna sa masa, kullum sabo ne a wurinsa. Ya zura ido, ya tausaya wa mai wankin kwalba, in hoton ya tsaya ya ce, "Kai! Wuta ta?" Mu ce faifan ne. Ya ce, "To a saye wani mana, wane irin rowa na wanga?" Ranar da ya fara faɗin haka Sani ya tashi ya fita waje, na ji yana fyace hanci.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, da hantsi, na fito da shi inuwar darbejiya ina ba shi kunu da cokali. Ya dube ni da kyau ya ce, "Ke ɗiyar wa?" Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai irin na ladabi, yadda ake yi wa baƙo. Na ce, "Baffa, ka san Hajjo?" Ya yi tunani ya ce, "Ta wane gari?"

Abin da ya ji tsoro ya zo. Na ajiye kwanon na ce, "Bari in ba ka wani labari."

Na fara. Ya saurara da daɗi kamar labarin wani. Da na zo wurin mai jirgi ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wawa! Kan kuɗin akuya shi halaka kainai?" Na ci gaba. Ruwa ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Na ja numfashi na yi kiran, yadda ya koya mini, na ja ƙarshen.

Dariyar ta ɗauke. Sai na ga idonsa ya washe, wallahi kamar an ɗage labule, Baffana ne sak ya dawo ya zauna a gabana.

"Balki."

Rabon da ya kira sunana har na manta.

"Na'am, Baffa."

"Ba ta kira ba."

"Wa?"

"Hajjo. Ina ganin ta yanzu. Tana tsaye, hannu bisa baki, innata kusa da ita. Ba ta ce komi ba. Ni nis so ta kira. Ina cikin ruwan nan ina cewa, yanzu ta kira, yanzu ta kira. Da na hito sai na ce ta kira. Na yi ta hwaɗi har ya zauna." Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemu. "Shi ya sa ta ka tashi. Kunyar ƙaryata ni ta ka ji."

Ya kamo hannuna ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ko ko ta kira? Kina wurin?"

"Ba a haihe ni ba, Baffa. Abin da ka ba ni kiwo ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Na sani. Ke ba ki ƙari." Ya saki hannuna. "Wanda ya ba ki shi ni ka shakka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, labulen ya riga ya sauka. Ya leƙa kwanon ya ce, "Baiwar Allah, kunun ga ba sukari."

Bai sake kiran sunana ba, bai sake ambaton ta ba. Ranar wata Talata bayan ya idar da sallar Azahar a zaune ya jingina da bango, shi ke nan.

A wurin zaman makoki na ja Gwaggo Ige gefe na tambaye ta. Ta ce ita lokacin an riga an kai ta gidan miji, ba ta ga komai ba. Ta ce, "Hajjo? Ko wuta ta kama shi ba ta kama sunanai." Na ce to shi ke nan. Na juya zan tafi sai ta riƙo mini zani. "Amma tsaya. Na taɓa ganin wani kare ya biyo Yaya, Hajjo ta hito ba ɗankwali ta jehe shi da taɓarya. Matar nan in ta gigice ba ta sanin kowa." Kun ji fa. Ta ba ni da hannun dama ta karɓe da na hagu.

Allah ya jiƙan Baffa Attahiru. Allah ya yafe masa abin da ya tuna da abin da ya manta, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Inna Hajjo a gidan da ba a mantuwa, ya tambaye ta da kansa, wannan karon ba inda za ta tashi ta je. Mu kuma Allah ya bar mu da hankalinmu har ranar tafiya, ya sa mu cika da kalmar shahada. Amin.

Ga abin da ya sa na tara ku. 'Yata Hajara, mai sunan Inna, bayan Sallah za a kai ta ɗakinta. Jiya tana taya ni tankaɗe ta ce, "Mama, kowa ya ba 'ya'yansa rabonsu na kiwon Baffa, har 'ya'yan mai wankin hula. Ni yaushe za ki ba ni labarin mai sunana?" Na ce mata gobe. Goben kuwa ta yi. Akuya ɗaya aka ba ni, yau ga biyu a hannuna, duka daga bakinsa, ɗaya yana da hankalinsa, ɗaya kuma a ranar da ban san ko hankalin ne ya dawo ba ko kuwa sauransa ne yake tafiya. To kai da ka san shi, ka ci goronsa, in kai ne wace Hajjo za ka ba yarinyar nan ta tafi da ita gidan miji: wadda ta kira, ko wadda ta sa hannu a baki?